Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne Aikin Mai Taimaka Wa Daraktan Yaɗa Labarai?

TAMBAYA: Malam, bara na gama bautar ƙasa, kwanan nan kuma aka ɗauke ni aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya. An tura ni ofishin daraktan yaɗa labarai da hulɗa da jama'a, wai in riƙa taimaka masa da tsara ayyukansa. Har yau ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da zan yi. Wasu abokan aiki suna ce mini aikin ɗaukar jaka ne da amsa waya, ni kuwa aikin jarida na karanta. Don Allah mene ne ainihin aikin, ta ina zan fara, kuma ana samun ci gaba a cikinsa? Daga wata mai karatu a Abuja.

AMSA: Allah ya sanya albarka, ƙanwata, ya sa kin shiga a sa'a. Jaka kam za ki ɗauka, waya ma za ki amsa, amma ba don su aka ajiye ki a ofishin nan ba. Jarin daraktan yaɗa labarai abu biyu ne, lokacinsa da maganarsa, kuma duk biyun na hukuma ne, aro aka ba shi. Amanar da ke wuyanki ita ce kada lokacin ya tafi a banza, kada kuma maganar ta fita da kuskure ko ta makara.

Masu raina aikin sun manta da tarihinmu ne. Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo ne ya karɓe shi, kuma ta hannunsa yake ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A fadar Kano ma, a da, hakimi da girmansa da rawaninsa yakan bi ta hannun Shamaki, ko Ɗan Rimi, ko Sallama kafin maganarsa ta kai ga Sarki. Ban ce ke Waziri ce ba. Abin da nake nuna miki shi ne tun tale-tale shugabanni sun san cewa mai tsara wa zai shiga, da yaushe, da kuma wace magana, ba ƙaramin abu yake riƙe da shi ba.

Ki fara da kalanda, amma ta shekara kafin ta mako. Akwai ranakun da ba sa gusawa: 15 ga Janairu ta tunawa da 'yan mazan jiya, 1 ga Mayu ta ma'aikata, 12 ga Yuni wadda ta zama ranar dimokuraɗiyya tun 2019, da 1 ga Oktoba. Akwai masu gusawa: azumi da Sallah Ƙarama da Babbar Sallah da Mauludi, waɗanda ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma ba a tabbatar da su sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, hutunsu ma sau da yawa sai saura 'yan kwanaki Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida take bayyana shi. Saboda haka saƙon barka da Sallah na shugaban hukuma tun ana tsakiyar azumi ake rubuta shi, a sa hannu, a ajiye. Sai ki ƙara da ranakun hukumarku ita kanta: lokacin kare kasafin kuɗi a gaban kwamitocin Majalisar Dokoki ta Ƙasa, ranar fitar da rahoton shekara, zaman hukumar gudanarwa, da duk wani taro da aka saba yi.

Kowace rana kika sa a kalanda, sai ki ƙirga daga gare ta ki koma baya. A ce shugaban hukuma zai yi jawabi ranar Alhamis. Ke nan ranar Laraba da safe ya kamata jawabin ya kasance a hannunsa ya karanta, ranar Talata darakta ya gama dubawa, ranar Litinin an gama rubutun farko, tun Alhamis ɗin da ta wuce kuma kin nemi alƙaluma daga sassan da ke da su. Yawancin kunyar da ofisoshin yaɗa labarai ke sha daga rashin wannan lissafi take fitowa: mutum ya hau mumbari da takardar da bai taɓa gani ba sai a cikin mota.

Ki kuma koyi agogon 'yan jarida, don ba irin na ma'aikatan gwamnati ba ne. Rediyon Najeriya na da labaran ƙasa da ƙarfe huɗu na yamma, NTA na da nata da ƙarfe tara na dare, jaridu kuma da maraice suke rufe shafukansu. Taron manema labarai da aka kira da ƙarfe goma ko sha ɗaya na safe zai sami shiga duka. Wanda aka kira da ƙarfe biyar sai gobe, goben kuwa wani labarin ya danne shi. Ranar Juma'a da rana kada ki yarda a sa komai, haka ma bayan la'asar a watan azumi. Sannan kada ki cika wa darakta yininsa dam da ganawa. Ki bar masa aƙalla awa biyu babu kowa, domin a wannan aiki abin da ba a shirya masa ba kusan kullum sai ya zo, kuma yana buƙatar wurin sauka.

Abu na biyu shi ne takardar safe. Kafin darakta ya zauna, ya tarar da shafi ɗaya tak a kan teburinsa ko a wayarsa: me aka faɗa a kan hukumar daga jiya zuwa yau, wa ya faɗa, a ina, kuma yana buƙatar martani ko a ƙyale shi. Mummunan labari shi ne a sama, yabo a ƙasa. A nan kina da abin da da yawa daga abokan aikinki ba su da shi, wato Hausa. Ofisoshi da dama a Abuja jaridun Turanci kawai suke bi, alhali ƙorafin da aka yi a shirin siyasa na dare a wani gidan rediyon Kano ko Kaduna, ko hirar da aka yi a BBC Hausa, DW ko RFI, ko ɗan bidiyon da ke yawo a WhatsApp da TikTok, yakan karaɗe jihohi da dama kafin ya bayyana da Turanci. Ranar da kika riga kowa gaya wa darakta cewa magana kaza ta fara zafi a Arewa, daga ranar ba mai ƙara ce miki 'yar ɗaukar jaka.

Yanzu bari mu tsaya a kan sanarwar manema labarai, don a nan mutunci yake tsayawa ko ya zube. Mu ɗauka hukumarku za ta sanar da wani aiki da ta kammala. Jami'i ya rubuta, ya turo miki. Kada ki miƙa wa darakta tukuna. Ki ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin kowane adadi, kowane suna, kowace rana da kowane wuri. Kowane adadi ki kira sashen da ya bayar da shi, ki karanta musu da baki, su ce haka ne. Tsakanin miliyan da biliyan harafi ɗaya ne a takarda, amma ninki dubu ne a lissafi, kuma ido yakan tsallake shi cikin gaggawa. Sunan ƙaramar hukuma ki duba tana cikin jihar da aka ambata. Ranar wata ki duba ta dace da ranar mako. Muƙami ki tabbata mai shi yana kai har yanzu, ba a sauya shi makon jiya ba.

Bayan darakta ya gyara, wata matsalar ta taso: kwafi ya yi yawa. Akwai wanda ke kwamfutarki, akwai wanda aka tura wa shugaban hukuma ta WhatsApp ya yi gyara a kai, akwai wanda sashen shari'a ya sauya wa jimla biyu. Sau da yawa wanda ake turawa 'yan jarida shi ne wanda ba a gyara ba. Maganin wannan mai sauƙi ne, amma sai an dage: kowane kwafi ki sa masa kwanan wata da awa a sunansa, na ƙarshe a wurinki kaɗai yake, kuma ba ya fita sai kin ga amincewar mai ikon amincewa a rubuce, ko da saƙon waya ne. “Oga ya ce a tura” daga bakin wani ba amincewa ba ce. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Sanarwar da ta isa ɗakunan labarai ashirin ba mai iya janyo ta, sai dai a bi ta da gyara, gyaran kuma ba kowa zai buga ba.

Kada ki bar fassara a hannun sa'a. In an tura sanarwa da Turanci kaɗai, kowane gidan rediyo zai fassara yadda ya fahimta cikin gaggawa, sai ki ji abin da hukuma ta ce tana duba yiwuwarsa ya koma ta yi alƙawarin yinsa. Ki fitar da ta Hausa daga ofishinku tare da ta Turancin, a lokaci guda. Ki kiyaye laƙabi: Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarakuna, Mai Girma na gwamna da shugaban ƙasa. Wani zai ga wannan ƙaramin abu ne. Fada ba ta ganinsa ƙarami, kuma darakta ne zai je ya ba da haƙuri.

Sai kiran ɗan jarida. Ƙarfe uku na rana waya ta yi ƙara: “Hajiya, muna da labari cewa ma'aikatanku na jiha kaza sun yi wata uku ba alawus, muna son jin ta bakin darakta, ƙarfe shida za mu rufe.” Darakta kuwa yana ganawa. Abin da aka fi yi shi ne a ce masa oga yana mitin, a ajiye waya, a manta. Washegari sai a karanta jimlar nan da kowa ya sani, cewa duk ƙoƙarin jin ta bakin hukumar ya ci tura, mai karatu kuma ya ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa. Ke ga yadda za ki yi. Ki rubuta sunansa, da kafar da yake wa aiki, da tambayar kamar yadda ya furta ta, da lokacin da zai rufe. Ki ce masa, “Na karɓa, zan kira ka kafin ƙarfe biyar, ko da amsa ko babu.” Ki shigar wa darakta 'yar takarda cikin taron, kafin ya fito kuma kin tuntuɓi sashen kuɗi kin san gaskiyar lamarin. Ƙarfe biyar ki kira, ko da abin da za ki ce shi ne ana bincike, amsa sai gobe da safe. Abu ɗaya ne ba naki ba: ba da amsar da kanki. Ko da kin san ta, ko da ɗan jaridar ajinku ɗaya a jami'a, ko da ya ce tsakaninku ne. Ranar da aka buga “wata majiya a ofishin darakta”, ba a daɗe ana neman ko wace ce.

Ki sayi littafi guda na alƙawura. Manyan mutane suna yin alƙawari a tsaye, a bakin mota, a wurin ɗaurin aure: zan turo maka, zan zo shirinku, ka same ni ranar Talata. Suna nufin cikawa, amma kafin dare abu goma ya bi ta kai. Duk wanda kika ji ko ya gaya miki, ki rubuta wa aka yi wa, me aka ce, yaushe. Haka bayan kowane taro: wa zai yi me, zuwa wace rana. Ranar Alhamis da yamma ki zauna da darakta minti goma sha biyar ku bi littafin layi-layi. Wanda ba zai yiwu ba, a kira mai shi a faɗa masa da wuri.

Rikici kuwa ba ranar da ya faru ake shirya masa ba. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago ta Amurka bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya zuba wa guba. Kamfanin Johnson & Johnson, mai maganin, ya fito ya gargaɗi jama'a, ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, kuma har yau ana koyar da wannan a darussan hulɗa da jama'a. Shawarar ta manya ce, amma shawara ba ta isa ga jama'a cikin sa'o'i sai akwai waɗanda suka san wa za a kira da kuma ta wace hanya. Wannan ɓangaren naki ne. Ki tanadi lambobin shugabannin sassa, da na lauyan hukuma, da na editocin da kuke hulɗa da su, a waya da kuma a takarda. Ki sa darakta ya yanke tun yanzu wa zai yi magana in shi ba ya nan. Ki ajiye gangar jikin sanarwar farko, wadda ba ta wuce abu uku: mun sami labari, ga abin da muka tabbatar zuwa yanzu, ga lokacin da za mu ƙara bayani.

Shafukan hukuma na intanet ma suna cikin wannan shiri. A watan Afrilun 2013 masu kutse suka shiga shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP, suka wallafa ƙaryar cewa an sami fashewa a fadar shugaban Amurka, kasuwar hannun jari ta faɗi nan take kafin a gano ƙarya ce. Ki san mutum nawa ne ke da kalmar sirrin shafukanku, ki rage su, duk wanda ya bar ofishin a sauya ta a ranar. Kada kuma ku dogara da kafa ɗaya: daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya, ofisoshin da ba su da wata hanyar isa ga jama'a suka rasa bakin magana.

Akwai dokoki uku da nake so ki nema ki karanta da kanki. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana fitar da takardun da aka killace, kuma ɗaukar hoton fayil a tura wa ƙawa fitarwa ce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce, ko ta faɗi dalilin ƙi. Irin waɗannan wasiƙu sukan biyo ta ofishin yaɗa labarai, don haka ki buga musu hatimin ranar da suka iso, ki miƙa su a ranar. Ta uku ita ce dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta shafi jerin sunaye da lambobin da ke hannunki. Biyun farko kamar suna karo da juna, amma a aikace ba ke za ki yanke abin da za a saki ba. Naki shi ne kada sirri ya fita ta hannunki, kada kuma haƙƙin mai tambaya ya kwana a cikin durowarki.

Dole in taɓo maganar ambulan, don za ki gamu da ita tun a taron farko. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana ɗan jarida karɓar abin hannu don ya buga labari ko ya danne shi, amma kowa ya san ana raba abin da ake kira kuɗin mota, kuma ƙaramin ma'aikaci ake ba rabon. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: al'ada ce da ke lalata ɓangarorin biyu, kuma kuɗin da aka bayar don a kashe labari cin hanci ne, kada hannunki ya taɓa shi. Ba ke za ki gyara tsarin a shekararki ta farko ba, amma kina iya tsare kanki. Duk kuɗin ofis da zai bi ta hannunki ya zo da takardar amincewa, ya tafi da sa hannun wanda ya karɓa, ki ajiye kwafin rasiɗai. Masu binciken kuɗi in sun zo, sunan da ke kan takarda suke nema.

Mafi wuya a aikin shi ne gaya wa na gaba da ke abin da ba ya son ji. Kusa da kowane babba akwai masu “ranka ya daɗe, ai ka burge”. Darakta na da su da yawa, ba ya buƙatar ƙari. In hirar da ya yi ta bar baya da ƙura, ko adadin da ya faɗa ba daidai ba ne, ki same shi shi kaɗai, da ladabi, da hujja a hannu: “Yallaɓai, ga abin da sashen kuɗi suka ce, ga abin da aka faɗa a rediyo, ina ganin gara mu gyara kafin labaran yamma.” Ki zo da matsala tare da shawarar mafita, ki bar masa hukunci. Amma ki bambanta wannan da kai gulma. Abin da ya shafi aiki ki faɗa, abin da wane ya ce a kan wane a wurin cin abinci ki bar shi can. Kuma kada kusancinki da ofishin ya sa ki ɗaga wa daraktocin wasu sassa murya da sunan oga. Gobe za a iya sauya shi, ke kuwa da su za ki ci gaba da zama. Tunda aikin yakan kai dare kuma akwai tafiye-tafiye, ki yi magana tun farko a kan lokacin tashi da yadda za a riƙa tuntuɓarki bayan aiki. Shugaba mai mutunci ba zai ji haushin wannan ba.

Batun ci gaba, akwai shi. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a wannan kujera ya ga yadda ake yanke shawara, ya san editoci, ya iya rubuta jawabi da sanarwa, ya san kasafin ofis. Ba kowane jami'i ke samun wannan makaranta ba. Ki nemi rajista da Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, wato NIPR, wadda aka kafa a 1963, doka ta 16 ta 1990 kuma ta ba ta ikon tantance masu wannan sana'a. Ki riƙa roƙon a ba ki rubutun farko na sanarwa, ki ajiye naki da wanda darakta ya gyara, ki kwatanta su.

Tunda ba wanda ya zaunar da ke, ke ki nemi zaman. Ranar Litinin ki roƙi darakta rabin awa, ki shiga da littafinki, ki tambaye shi abubuwa uku da ya fi so a cim ma a watanni uku masu zuwa, su wa za a shigar masa ko yana cikin taro, da kuma abin da ya yarda ki yanke ba sai kin tambaye shi ba. Ki rubuta amsoshin, ki tura masa a ranar ya tabbatar. Bayan wata guda ki sake rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya yi miki jagora.